Tsallen Yara a Aji Ba Shiririta Ba Ne

Jama'a, wasu iyaye na ƙorafi wai malamai sun mayar da aji filin wasa. Ba mu yarda ba. Yaron da ke tsallen igiya yana ƙirga 5, 10, 15, 20, lissafin sau yake koya tun kafin a rubuta masa a allo. Mu da muke kasuwanci a nan Kudu, ba haka muke ƙirga kuɗi ba, hamsin-hamsin, ɗari-ɗari? Hadda da bulala ita ke sa yaro ya tsani lissafi har ya guji makaranta. Don Allah a ƙyale malamai su yi aikinsu. A gida ma, a ba yara tsakuwa su ƙirga bibbiyu. Allah ya shirya mana zuri'a.