Kafin Ka Kai Yara Gidan Zoo: Abin da Allurar Barci Ba Za Ta Iya Yi Ba



Ranar uku ga Ƙaramar Sallar da ta gabata ina bakin aiki a ɗakin magani, sai wani magidanci ya miƙo mini takardar likita ta taga, hannunsa na rawa. A bayansa matarsa ce saɓe da yarinya 'yar shekara huɗu, an naɗe mata yatsu biyu da bandeji, lallen sallarta ko dusashewa bai yi ba. Kallon namun daji suka je, yarinyar ta zura hannu ta ragar keji tana miƙa wa biri gyaɗa, birin ya haɗa da yatsun. Na ce, "Malam, kana ina abin ya faru?" Ya ce, "Wallahi ina tsaye kusa da ita, hotonta nake ɗauka." Allurar rigakafin haukan kare da likita ya rubuta ta ƙare mana a ranar, sai da bawan Allahn nan ya kewaye gari kafin ya samo ta.

Tun ranar na ƙudura yin wannan rubutu. Ra'ayina shi ne, a gidan namun daji hannun iyaye shi ne kariyar farko, shinge da ma'aikata suna biyo baya. Idan hannun nan ya saki, rai biyu ne ke shiga haɗari, na yaron da na dabbar, kuma babu maganin da ke aiki da saurin da zai ceci dukansu. Bari in ba ka labarin da ya fi kowanne nuna haka.

Ranar 28 ga Mayun 2016, a gidan zoo na birnin Cincinnati a jihar Ohio ta Amurka, wani yaro ɗan shekara uku ya haura shinge mai tsayin ƙafa 3, ya ratsa 'yan shuke-shuke, ya faɗa ramin da ya kewaye wurin goggon birai. Zurfin ramin ya kai ƙafa 15, da ɗan ruwa a ƙasansa. Ma'aikata suka kira birran su koma ɗaki. Mata biyu suka amsa, namijin mai suna Harambe ya ƙi, ya gangara wurin yaron. Nauyinsa kusan kilo 200 ne, jiya-jiya ya cika shekara 17. Ya yi kamar minti goma da yaron, wani lokaci ya tsaya a kansa kamar mai gadi, wani lokaci ya fizge shi ta ƙafa cikin ruwa, jama'a na ta ihu daga sama, ihun kuma na ƙara firgita shi. Daga ƙarshe aka harbe shi har lahira. Yaron ya tsira da raunukan da ba su kai ga rai ba.

Tambayar da duniya ta yi ta maimaitawa ita ce, me ya hana a yi masa allurar barci? Wannan tambaya a fagena ta faɗo, don haka zan amsa ta da abin da na sani.

Fina-finai sun ruɗe mu. A fim ana harba allura, dabba ta zube nan take. A jikin mai rai ba haka abin yake ba. Maganin barcin da muke bayarwa a ɗakin tiyata yana kama mutum cikin ƙasa da minti guda ne saboda ta jijiya ake zuba shi, kai tsaye cikin jini, jini kuma ya wuce da shi ƙwaƙwalwa. Allurar da ake harba wa dabba daga nesa cikin tsoka take shiga. Dole maganin ya tsotsu daga tsokar zuwa jini a hankali, ya taru har ya kai adadin da zai kwantar da jiki. Ko ketamin, wanda muke amfani da shi a asibitocinmu kuma likitocin dabbobi ke kwantar da birai da shi, yana ɗaukar mintuna idan ta tsoka aka ba da shi. Dabbar da ke cikin firgici ta kan fi haka jimawa tana tsaye. Ga kuma zafin sukar allurar, wanda shi yake fara isa kafin barcin. Ka ƙaddara dabba mai kilo 200, yaro a hannunta, an soke ta da abin da ba ta san dalilinsa ba, kuma da sauran mintuna kafin ƙarfinta ya ragu. In ma barcin ya zo, tana iya zubewa a kan yaron cikin ruwa. Shugaban gidan na lokacin, Thane Maynard, da wannan hujja ya kare matakin da suka ɗauka. A matsayina na mai harhaɗa magunguna ban ga inda ya kauce ba. Ran ɗan Adam yana gaba, kuma da zarar yaro ya faɗa, zaɓin da ya rage wa ma'aikata kaɗan ne.

To laifin wa? An yi wa uwar yaron nan ca a kafafen sada zumunta, har da masu neman a ɗaure ta. Mai gabatar da ƙara na yankin ya bincika, ya ce babu tuhumar da za a yi mata: tana tare da wasu yaran, ta juya ta kula da ɗaya na 'yan daƙiƙu, wannan ya sulale. Duk wanda ya taɓa riƙon ɗan shekara uku ya san yadda haka ke faruwa, shi ya sa ban shiga sahun masu jifanta ba. Gidan zoo ɗin ma bai fita fes ba. Wurin yana buɗe tun 1978 ba a taɓa ƙetare shingen ba, amma bayan abin ya faru sai ga shi an ƙara masa tsayi an saka raga, hukumar da ke duba irin waɗannan gidaje kuma ta ce tsohon shingen bai wadatar ba. Hakkin masu gidan ne su gina shingen da zai tare yaro mai ƙiriniya, domin yara ne manyan baƙinsu.

Sai dai ni da kai ba mu da iko a kan tsayin shingen da za mu tarar. Abin da ke hannunmu shi ne yaron. Akwai kuma haɗarin da babba ne da kansa ke kai yaro gare shi. A watan Nuwamban 2012, a gidan zoo na Pittsburgh, can Amurkan, wata uwa ta ɗaga ɗanta ɗan shekara biyu ta ɗora shi kan dogarin wurin kallo don ya ga kyarketai sosai. Ya suɓuce mata ya faɗa, dabbobin suka kashe shi, aka kuma harbe ɗaya daga cikinsu. Ƙauna ce ta sa ta ɗaga shi, irin ƙaunar da ta sa magidancin nan ya tsaya ɗaukar hoto. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Duk wanda ya taɓa shiga Gidan Zoo na Kano a ranakun Sallah, ko ya kewaya wurin dabbobi na gidan tarihin Boubou Hama a Yamai, ya san abin da nake nufi. Cinkoso ya yi cinkoso. Za ka ga yarinya 'yar shekara goma sha biyu an haɗa ta da ƙanne biyar, an ba ta kuɗin mota, iyaye na gida. Za ka ga uba ya ɗora yaro a wuya ya jingina da ragar kura. Za ka ga samari na zungurar zaki da kara don ya tashi ya yi ruri, domin a ganinsu sun biya kuɗi, ba za su kalli mai barci ba. Idan abu ya faru sai mu ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara, amma a gida ba ma barin kwalbar fiya-fiya kusa da mai rarrafe mu ce ƙaddara za ta tsare shi. Hankalin da ke sa mu ɗora ta a kan kanta shi ya kamata ya raka mu bakin keji.

Ka kuma tuna da ɗaya ran. Dabbar nan ba ita ta kawo kanta ba. Mu muka tsare ta don mu kalla, saboda haka amana ce a wuyanmu. Irin su Harambe, waɗanda asalinsu dazuzzukan Kamaru da Gabon da Kongo ne, suna cikin jerin dabbobin da ke gab da ƙarewa a duniya. Ya mutu ne a kan halin da aka halicce shi da shi. Barnar da muke yi wa dabbobi kullum ma ba ta kai ga jarida. Ledar biskit da ta ruwa da yara ke jefawa, jimina da barewa na haɗiye su, su toshe musu ciki. Alewa da cincin ba cimarsu ba ce. Murar da za ta sa ka atishawar kwana uku tana iya kwantar da manyan birai, domin jikinsu na kama cututtukan numfashi irin namu. Yaron da ya ga ubansa na jifan biri da dutse ya koyi darasi a ranar, kuma da shi zai koma unguwa wurin kyanwa da jaki.

Ga abin da nake ba iyaye shawara. Kada a tura yara su kaɗai, kuma yaro ba ya zama mai tsaron yaro a irin wannan wuri. A ƙirga yaran tun daga gida, a raba su ga manya da suna, kowa ya san nasa, domin inda aka ce kowa na kallo a nan ne ba mai kallo. Wanda bai kai shekara biyar ba a riƙe hannunsa ko a goya shi muddin ana gaban keji. Kada a ɗora yaro kan shinge ko dogari, ko da riƙe kake da shi. Idan za ka ɗauki hoto, ka fara damƙa shi ga wani babba. In da hali, a bar ranar cinkoso a je da safe a wata ranar. Idan yaro ya ce zai shiga wurin dabba, ka ɗauki maganarsa da gaske. An ji yaron Cincinnati yana faɗin haka kafin ya aikata. A wanke hannu da sabulu kafin a ci komai, saboda kashin dabbobi na ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa, ƙananan yara kuwa su suka fi jigata. Idan kuma, Allah Ya kiyaye, wani ya faɗa, ihu ba ya taimako. A ja baya, a yi shiru, a kira ma'aikata.

In cizo ko yakushi ya auku, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15. A duba agogo, domin ya fi yadda ake zato tsawo. Kada a zuba toka, ko barkono, ko man birki, kada kuma a tsaya a kemis a sayi kafso a koma gida. A wuce asibiti a ranar, a faɗa wa likita irin dabbar. Shi zai duba buƙatar allurar sarƙewar haƙora, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da rigakafin haukan kare. Kare ne ke kawo mafi yawan wannan cuta, amma sauran dabbobi masu shayarwa ma na iya ɗauka, kuma da zarar alamunta sun bayyana kusan babu mai tashi. Allurar ba guda ɗaya ba ce, ana yin ta a ranaku daban-daban, kada a yanke don an ga ciwon ya warke.

Ban ce a daina kai yara ba. Yaron da ya ga giwa da idonsa ya ƙaru da abin da littafi ba zai ba shi ba. Yarinyar nan ta kammala alluranta, yatsunta sun warke. Ranar ta ƙarshe uban ya leƙo taga ya ce mini sun yi shawarar komawa bayan Babbar Sallah, amma wayar za ta zauna a aljihu. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba mu ikon riƙe amanar da ke hannunmu.