Raddi Ga Masu Cewa Ba Ruwan Kuɗin Fansho Da Yammacin Sahara

Wasu masu sharhi kan kasuwar hannun jari sun dage cewa asusun fanshon gwamnatin Norwe ya yi shisshigi da ya janye jarinsa daga kamfanonin da ke cin arzikin Yammacin Sahara. Wai haƙar ma'adinin tana ba 'yan yankin aiki, wai aikin asusun fansho neman riba ne kaɗai, wai in Norwe ta sayar wani zai saya.

Hujjar farko suka fi tinƙaho da ita, ita ce kuwa ta fi rauni. Gaskiya ne ana haƙar fosfat a Bukra'a, ana tura shi kusan kilomita 100 zuwa gaɓar teku kusa da Layun, kuma kamfanin OCP na gwamnatin Maroko yana biyan albashi. To, tun yaushe albashi ya zama yardar mai gona? Wanda ya ƙwace maka gona ya ɗauke ka ƙodago a cikinta, ladan da yake ba ka bai mayar da gonar tasa ba. Tun 1975 Kotun Duniya ta ce ba ta ga alaƙar mallaka tsakanin Maroko da wannan ƙasa ba. A 2002 lauyan Majalisar Ɗinkin Duniya, Hans Corell, ya gindaya sharaɗi biyu kan cin arzikin ƙasar: amfanin mutanenta da kuma son ransu. Masu sharhin namu sun riƙe na farko sun haɗiye na biyu. Wa ya tambayi dubban Sahrawi, 'yan asalin ƙasar, da ke zaune a sansanonin Tinduf na Aljeriya shekara hamsin? Ƙuri'ar raba gardamar da aka yi musu alkawari a 1991 har yau shiru. Kotun Tarayyar Turai ma a 2024 ta soke yarjejeniyar kamun kifi da ta amfanin gona da Maroko saboda ba a nemi yardar Sahrawi ba.

Batun riba kuwa, ko da ma'aunin 'yan kasuwa aka auna, bai tsaya ba. A 2017 an tsare jirgin ruwan Cherry Blossom a Afirka ta Kudu maƙare da wannan fosfat, daga baya kotu ta ce kayan na Sahrawi ne. Haka ake tattalin kuɗin tsofaffi?

Ta ukun ba ta cancanci dogon raddi ba. Da ita kowane dillalin kayan sata yake kare kansa. Norwe ta yi daidai da ta janye jarinta daga kamfanin Kerr-McGee a 2005 da kamfanin PotashCorp a 2011.