SHARHI: Shell ya miƙa rijiyoyin Fatakwal, a littafin wa bashin gyaran ƙasa ya koma?

A ranar 13 ga Maris, 2025, kamfanin Shell ya sanar da kammala sayar da SPDC, reshensa mai hedikwata a Fatakwal, wanda ya shafe gomman shekaru yana haƙo ɗanyen mai a tudu da fadamun Neja Delta. Mai sayen shi ne Renaissance, gamayyar kamfanoni biyar: ND Western, Aradel, First E&P, Waltersmith da Petrolin. Lokacin da aka fara bayyana cinikin a Janairun 2024, an ce farashin dala biliyan 1.3 ne, da ƙarin biyan da ka iya kai dala biliyan 1.1. Waɗannan alƙaluman ne suka cika kanun labarai. Adadin da bai samu shiga kanun ba shi ne na kuɗin da za a kashe ranar da rijiyoyin suka ƙafe, wajen toshe su, da tone tsofaffin bututu, da mayar da ƙasa da ruwa yadda za su sake amfanuwa.

Wanda ya san Borokiri ya san cewa wannan ba zancen takarda kaɗai ba ne. Daga gaɓar ruwan wannan ɓangare na tsohon garin Fatakwal jirage ke tashi zuwa Bille da Bonny da Nembe, ta nan kuma kifi ke shigowa kasuwar Creek Road. Hausawan da ke kasuwanci a yankin ba su da rijiyar mai ko ɗaya, amma abokan cinikinsu masunta ne da iyalan masunta. Idan malalar mai ta kashe kifi a Bille, mai sayar da albasa a Borokiri zai gani a aljihunsa. Sai dai hukuncin ko za a ware kuɗin gyara, da nawa za a ware, yana farawa ne daga wasu shafuka na ƙarshen rahoton kuɗi na shekara da ake wallafawa a Landan, inda kamfani ke bayyana manufofin da ya bi wajen lissafi. Shafuka ne da akasarin masu karatu ke tsallakewa.

Shell na rubuta rahotonsa da dalar Amurka, bisa ƙa'idojin lissafi na duniya da ake kira IFRS, waɗanda Najeriya ma ta wajabta wa kamfanonin da ke kasuwar hannun jari tun 2012. Ɗaya daga cikinsu, IAS 37, ta ce tun ranar da kamfani ya haƙa rijiya ya hau kan bashin rufe ta, don haka dole ya rubuta wannan bashi a littafinsa. To amma nawa zai rubuta, alhali aikin sai nan da shekara ashirin ko talatin? A nan ne akantoci ke kiyasta kuɗin aikin, su kiyasta shekarar da za a yi shi, sannan su rage adadin da wani ma'aunin kuɗin ruwa domin gano darajarsa a yau.

Wannan ma'auni ƙarami ne a ido, amma ba ƙaramin aiki yake yi ba. A ce aikin zai ci dala miliyan 100 nan da shekara 20. Idan aka yi lissafi da kashi 2 cikin 100, abin da zai bayyana a littafi kimanin dala miliyan 67 ne. Idan aka yi da kashi 4.5, sai ya sauko zuwa kimanin miliyan 41 da rabi. Kashi 2 ɗin shi ne wanda Shell ya yi amfani da shi a ƙarshen 2021, kashi 4.5 kuma a ƙarshen 2023. Babu maguɗi a ciki: kamfanin na bin kuɗin ruwan takardun lamunin gwamnatin Amurka ne, wanda ya tashi a tsakanin waɗannan shekaru. Amma sakamakon shi ne bashi na iya raguwa da fiye da kashi ɗaya cikin uku a takarda, ba tare da an toshe rijiya ko ɗaya a Jihar Ribas ba. Kuma ko da adadin ya yi daidai, rubutu ne kawai. Ƙa'idar ba ta tilasta wa kowa ajiye ko sisi a banki ba.

Lamarin malalar mai da ƙararraki ya fi wannan sarƙaƙiya. Ƙa'idar ta ce sai an rubuta bashi idan yiwuwar biyansa ta rinjayi rashin biya, kuma ana iya kiyasta shi. Idan bai kai haka ba, ya zama bashin ƙila-wa-ƙala, wanda ake ambata a bayanan ƙarshen rahoto ba tare da an cire shi daga riba ba. Masu auna wannan yiwuwar su ne shugabannin kamfanin da lauyoyinsa, masu binciken kuɗi kuma su duba su sa hannu. Rahotannin Shell sun daɗe suna ɗauke da sakin layi kan ƙararrakin Najeriya, mai nuna cewa sakamakonsu ba shi da tabbas. Shi kuwa kamfanin matsayinsa a kullum shi ne yawancin malalar daga satar mai da fasa bututu da haramtattun matatu take, kuma yana share wadda ta fito daga kayan aikinsa ko mene ne sanadinta.

Tarihi ya nuna yadda ƙila-wa-ƙala ke rikiɗa ta zama kuɗi. A Janairun 2015 Shell ya amince ya biya mutanen Bodo fam miliyan 55. A Disambar 2022, bayan hukuncin wata kotun ɗaukaka ƙara a Holand, ya amince da yuro miliyan 15 ga al'ummomin Oruma da Goi da Ikot Ada Udo. Waɗannan diyya ce. Kuɗin gyara ya fi su nesa ba kusa ba. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na Agustan 2011 ya nemi dala biliyan 1 don fara aiki a ƙasar Ogoni kaɗai, ya kuma ce farfaɗowar yankin na iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Kwamitin da John Sentamu ya jagoranta ya kiyasta dala biliyan 12 ga Jihar Bayelsa a 2023, ko da yake wannan ya shafi dukkan kamfanonin da suka yi aiki a can.

Mai ganin cewa kiyasi ba ya karkata, sai ya tuna 2004. A Janairun shekarar Shell ya zabtare ganga biliyan 3.9, kimanin kashi 20 cikin 100, daga man da ya ce ya tabbatar yana da shi a ƙarƙashin ƙasa, kuma babban kaso na zabtarewar daga Najeriya ne. Yawan wannan ajiya ne ake raba kuɗin kayan aiki a kansa, saboda haka kumbura ta na rage kuɗin da ake ɗora wa kowace ganga, riba kuma ta ƙaru. Shugaban kamfanin, Philip Watts, wanda ya taɓa jagorantar SPDC, ya rasa kujerarsa. Hukumomin Amurka sun ci tarar dala miliyan 120, na Birtaniya fam miliyan 17. Abin lura, masu hannun jari aka yaudara a wancan karo, kuma suna da hukumomi masu haƙora.

Yanzu da aka sayar da SPDC, lissafin reshen ya fita daga rahoton Shell, dukiyarsa da bashinsa baki ɗaya. Shell ya ce nauyin gyara na nan a wuyan kamfanin ƙarƙashin sababbin masu shi. A shari'ance magana ce mai ma'ana. A aikace kuwa, bashin ya tashi daga ƙarƙashin inuwar ɗaya daga cikin manyan kamfanonin duniya, ya koma hannun gamayyar da Shell ɗin da kansa ya yi wa alƙawarin rancen da ka iya kai dala biliyan 1.2 a lokacin kammala cinikin. Shell bai bar Najeriya ba: yana nan a rijiyoyin Bonga na cikin teku, yana kuma riƙe da kashi 25.6 na kamfanin iskar gas na NLNG. Tsofaffin kayan tudu ya rabu da su, kamar yadda Eni ya miƙa wa Oando nasa a 2024. Ba mamaki da masu suka ke cewa an ci moriyar ganga.

Ga ma'aikacin gwamnatin tarayya, abin ya fi kusa da yadda ake zato. Kashi 30 kawai SPDC ke da shi a haɗin gwiwar da yake gudanarwa, NNPC kuwa na da kashi 55. Ke nan fiye da rabin kuɗin rufe waɗannan rijiyoyi na kan kamfanin gwamnati ne. Dokar man fetur ta PIA ta 2021 ta yi ƙoƙarin cike giɓin da ƙa'idar lissafi ta bari: ta wajabta wa kowane mai lasisi ya buɗe asusun rufe rijiyoyi a wata cibiyar kuɗi da ba tasa ba, ya riƙa zuba kuɗi na zahiri bisa tsarin da hukuma ta amince da shi. Ana cire abin da aka zuba kafin a lissafa haraji. Saboda haka kiyasin da ya yi yawa na rage abin da ke shiga asusun tarayya da ake rabawa duk wata, wanda ya gaza kuma na barin gwamnati da biyan cikon wata rana. Ta kowace fuska baitulmali na da ruwa da tsaki a cikin adadin.

A Oktoban 2024 shugaban hukumar NUPRC na lokacin, Gbenga Komolafe, ya ce cinikin Shell da Renaissance bai tsallake gwajin hukumar ba. A Disamba sai ga amincewar ministan man fetur, muƙamin da Shugaba Bola Tinubu ke riƙe da shi. Tunda an amince, haƙƙin jama'a ne su ga abin da aka amince da shi: adadin rijiyoyi da tsawon bututun da aka ƙidaya, shekarar da aka sa za a rufe su, ma'aunin da aka yi lissafi da shi, da kuɗin da ke cikin asusun a yau. Kwamitocin man fetur na Majalisar Dattawa da ta Wakilai na da ikon neman waɗannan takardu daga NUPRC da NNPC, kuma hadiman da ke shirya wa 'yan majalisa tambayoyi ba sa buƙatar digirin akanta kafin su rubuta su.

Mutanen Bille da Ogale kuwa sun ɗauki wata hanyar. A Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ba su damar ƙarar uwar kamfanin a Landan, an kuma sa 2027 domin cikakken sauraron shari'ar.