Kafin a koma makaranta, mu kai yaranmu su ga ikon Allah a fadama

 Dogon hutun makarantu ya zo ƙarshe, damina ma ta fara haramar tafiya. Iyaye sun duƙufa ga lissafin kuɗin makaranta da littattafai da ɗinki. Muna so mu ƙara tambaya ɗaya a cikin lissafin: a duk makonnin nan na hutu, sau nawa muka fita da 'ya'yanmu da kanmu, ba don aike ko zuwa asibiti ba?

Abin da ya jawo wannan tambaya ya faru ne ranar Asabar da ta wuce. Mun dawo daga sallar azahar muka tarar da yara uku suna kokawa a kan waya ɗaya. Uwargida ta ce, "Malam, tun safe haka suke. Ko za ka fita da mu su sha iska?" Ba mu yi wani shiri ba. Tabarma biyu muka ɗauka da buta da jarkar ruwa da dafaffiyar gyaɗa da fura, muka nufi gonar wani dattijo ɗan'uwanmu da ke kan tudu a bayan garin Auyo, inda ake hangen fadama. Gero ya nuna, shinkafa ta yi kore shar, balbelu suna bin shanu. Can sai ƙaramar cikinsu, 'yar shekara biyar, ta nuna wata bishiya ta ce, "Baba, waccan ta mutu ne?" Gawo ne. Dattijon ya yi dariya, ya bayyana mata cewa gawo yana zubar da ganye da damina, sai rana ta samu geron da ke ƙarƙashinsa, ganyen kuma ya zama taki. Idan rani ya zo, sauran itatuwa sun kaɗe, shi kuma sai ya tofo, ya ba da inuwa, dabbobi su ci 'ya'yansa. Yarinyar ta yi shiru, sannan ta ce, "To wa ya gaya masa ya yi haka?" Mun daɗe muna koya mata cewa Allah ne Mahalicci, amma ranar ce ta fara neman amsar da kanta. Washegari bayan an taso daga Islamiyya, su suka matsa a koma.

Ra'ayinmu shi ne irin wannan fita tana cikin tarbiyya, kuma haƙƙi ce da yara suke bin iyayensu. Alƙur'ani mai girma ya yawaita umartar mu da mu dubi halitta mu yi tunani. A izifin Sabbi, wanda yaranmu suke fara haddacewa, Suratul Gashiya ta ja hankali zuwa ga raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa. Akwai surori da aka sa wa sunan saniya da ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo da giwa. Yaron da ya haddace ayar saukar ruwa da fitar tsiro, amma bai taɓa tsugunawa ya ga yadda wake yake tsaga ƙasa ba, an ba shi lafazi an rage masa wani yanki na ma'ana.

Sunna ma ta nuna mana hanya. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yakan shiga lambun Abu Ɗalha mai suna Bairuha a Madina, ya sha daga ruwansa mai daɗi. A cikin littafin ne kuma aka kawo yadda Salmanul Farisi ya tunatar da Abud Darda'i cewa bayan haƙƙin Ubangijinsa akwai na kansa da na iyalinsa, Annabi (SAW) kuma ya gaskata Salmanu. Muslim ya kawo labarin Hanzala, wanda ya ji tsoron ya zama munafuki saboda yana shagala da iyali bayan ya bar majalisin Annabi (SAW), sai aka kwantar masa da hankali cewa kowane abu da lokacinsa. Shugaban halitta ya ɗauki jikarsa Umama yana salla, ya kuma tsaya yana tambayar ƙanen Anas, Abu Umair, labarin ɗan tsuntsunsa. Wanda yake ganin zama da yara yana rage masa girma, ya sake duba waɗannan ruwayoyi.

Mu da ke ƙasar Haɗeja kuwa ba mu da uzuri, domin abin da wasu suke biyan kuɗi su zo gani yana bayan gidajenmu. Ruwan da ke ratsa ƙasarmu yana gangarowa ne daga kogunan Kano da Challawa, waɗanda aka datse da madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ya wuce ta nan ya malala a dausayin Haɗeja da Nguru. A yankin Auyo ne aikin noman rani na kwarin Haɗeja yake, wanda marigayi shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe a farkon 2023 bayan an gyara shi. A Baturiya, cikin ƙaramar hukumar Kirikasamma, tsuntsaye suna sauka duk shekara daga Turai, sun ƙetare teku da hamada suna gudun sanyi, suna isowa daidai lokacin da shamuwa take barinmu. Shi kansa Auyo tsohon gari ne da ya yi sarautarsa tun kafin jihadi, yana da harshensa, Auyakanci, wanda ya ɓace domin an daina yi wa yara magana da shi. Haka sanin sunan bado da kirinjijiya da zalɓe zai ɓace idan muka bar waya ta yi mana reno.

Mun san abin da za a ce. Wani zai ce babu kuɗi. Fitar da muka yi ba ta ci abin da ake kashewa a katin waya na kwana biyu ba. Wani zai ce kwaikwayon Turawa ne. Kakanninmu da 'ya'yansu suke zuwa gona, a can suke koya musu sunan itatuwa da alamun hadari, zaman birni da aikin ofis ne suka raba mu da wannan. Wani kuma zai ce Asabar da Lahadi ranakun Islamiyya ne. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a fasa karatu ba. Yawancin makarantun allo da Islamiyyu suna hutun Alhamis da Juma'a, ga kuma awannin da ke bayan tashi daga karatu. Awa uku sun isa.

Uzurin da ya fi kowanne ƙarfi shi ne na ruwa, kuma ba za mu raina shi ba. Agusta da Satumba su ne watannin da kogin Haɗeja yake cika, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa, ruwa ya bi inda ya ga dama. Mutanen Auyo ba su manta ambaliyar 2020 da ta 2022 ba. Annabi (SAW) ya sanar da mu cewa kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Saboda haka a zaɓi tudu, a hangi ruwa daga nesa. Kada a bar yaro ya kusanci gaɓar kogi ko magudanar noman rani, domin gefenta yana da santsi, ruwan kuma ya fi yadda ido yake gani ƙarfi. Kada a saka ƙananan yara a kwalekwale don nishaɗi. Wanka a kududdufi yana jawo tsargiya, wadda ƙwayoyinta suke fitowa daga jikin katantanwa su ratsa fata. A sa musu takalmi, domin ruwa yana koro macizai zuwa tudu. A kuma raba aiki tsakanin manya, kowane yaro a san idon wa yake kansa. Tawakkali yana zuwa ne bayan ɗaure raƙumi.

Sai ladubba. Idan la'asar ta yi a kira salla a wurin, uba ya yi limanci, domin an sanya mana ƙasa ta zama masallaci, yaran kuma su gane cewa salla ba ta da hutu. Mata su fita cikin sutura tare da muharramansu, kuma kada a bar 'ya'ya mata a gida ana fita da maza kaɗai. Kada a tsinki ko da zangarniya ɗaya a gonar wani sai da izininsa. A hana yara taɓa sheƙar tsuntsu, domin Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke. An hana yin bahaya a kan hanya da inuwar da mutane suke zama da mashayar ruwa. A kwashe ledoji a koma da su gida. A dawo kafin magariba, domin an umarce mu da tsare yara a farkon shigar dare, kuma lokacin ne sauro yake fitowa. Idan hanya ta biyo ta wurin wanda ruwa ya ci gonarsa, a tsaya a jajanta masa a gaban yara, a ba shi abin da ya samu. Wannan ma karatu ne.

Ga ɗalibai, idan mahaifinku bai samu sarari ba, ku roƙe shi cikin ladabi ya ba ku yamma ɗaya, ku taimaka wajen riƙe ƙannenku. Ga iyaye kuma, kwanakin da suka rage kaɗan ne, kuma yaron da yake roƙon mu fita da shi bana, nan da shekara goma mu za mu riƙa neman ya zauna da mu. Allah ya shirya mana zuri'a, ya tsare mana su daga sharrin ruwa da na zamani, ya ba mu damina mai albarka. Amin.