Ra'ayi: Mu kai baburanmu ƙofar tsofaffin makaɗa tun suna raye

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan sallar asuba, mu shida muka haɗu wajen wani mai shayi a unguwar Sabon Gari da ke Maraɗi, da babura huɗu. Biyu daga cikinmu 'yan kabu-kabu ne, ɗaya bakanike, ɗaya ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ɗaya kuma abokinmu ne da ya zo ganin gida daga Aljeriya, sai ni. Mun yi niyyar zagaya wuraren da ke riƙe da tarihin kiɗa da waƙa na wannan yanki, mu dawo kafin la'asar.

Gardama ce ta jawo tafiyar. Abokin nan namu ya nuna mana bidiyon wasu mahaya babura a Amurka suna bin babbar hanya mai lamba 61, wadda ta ratsa jihar Misisipi zuwa birnin Memfis, suna tsayawa a garuruwan da kiɗan buluz na baƙaƙen fata ya samo asali. Ya kuma nuna mana taron Sturgis, wani ƙaramin gari da ake yin gangamin babura a cikinsa tun 1938, inda dubban ɗaruruwan mutane ke haɗuwa duk watan Agusta. Da ya gama sai ya ce mu ba mu da abin da za a hau babur a je gani. Bakaniken ya ce ƙarya ne, a zo a gwada. Man da kowane babur ya sha a ranar bai kai na jika biyu ba.

Abin da muka gani

Mun fara da ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi. Duk wanda ya tashi a garin nan ya taɓa jin kakaki da algaita da tambari ranar hawan Sallah, amma kaɗan ne cikinmu suka san yadda aka yi suka zo nan. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautar ya yi hijira zuwa arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi. Sarauta ba ta tafiya ita kaɗai. Makaɗa da mabusa da maroƙa suna biye da ita, kuma a bakinsu ake ajiye jerin sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙensu da kirarinsu. Ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin da ke cikin kwarin gulbi, aka hau tudu aka sake gini, amma kirarin ya tsira domin yana cikin kawunan mutane.

Daga nan muka kama kwalta zuwa Tsibiri, tafiyar da ba ta kai kilomita 15 ba. Nan ne Gobirawa suka kafa sabuwar hedikwatarsu ƙarƙashin Mayaƙi bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Wani dattijo da aka haɗa mu da shi, wanda ya yi kiɗan kotso tun yana saurayi, ya karɓe mu a zaurensa. Muka durƙusa muka gaishe shi, na ce: "Baba, mun zo ne mu ji daga bakinka." Ya daɗe yana kallon baburanmu kafin ya yi magana. Ya ce ɗiyansa maza uku ne, ɗaya yana Libiya, biyu suna kabu-kabu a Maraɗi, babu wanda ya ɗauki kiɗan. Ya sa aka sauko da kotson daga cikin buhu. Fatar ta yage, kuma mutumin da ya saba ɗaure masa ita ya rasu. Duk da haka ya rera mana baiti uku da baki, yana buga cinyarsa da tafin hannu. Ɗalibin ya ɗauka da wayarsa bayan mun nemi izini. Baba ya ce wannan ne karon farko da wani ya ɗauki muryarsa.

Da hantsi ya yi muka juyo, muka ratsa gari muka yi kudu zuwa Jiratawa. Yau an fi sanin Jiratawa da noman rani da zogale, amma dattawan da muka tarar a inuwa sun ba mu labarin gangar noma da ake bugawa ranar gayya, yadda makaɗi ke bin manomi kunya-kunya yana zuga shi da sunan ubansa da kakansa. Wata tsohuwa ta ce a zamaninsu ba a kai amarya sai an yi shantu da kiɗan ƙwarya. Jikarta da ke zaune kusa da ita ba ta taɓa ganin shantu da idonta ba. A hanyar dawowa muka tsaya filin kokowa mai sunan Yakuba Ango Kantu, ɗan Maraɗin da ya zama zakaran gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa a 1975. Ko a nan, wanda ya san kokowa ya san ba ta armashi sai da ganga da kirari.

Abin da muke asara

Ra'ayina shi ne: ya kamata matasan Maraɗi su mayar da irin wannan zagaye ya zama gangamin babura na shekara-shekara, mai tsari, wanda aikinsa shi ne ziyartar tsofaffin makaɗa da mawaƙa da ɗaukar muryoyinsu. Ina da dalilai biyu, kuma dukkansu sun shafi rai.

Na farko, masu abin suna tafiya. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Alhaji Mamman Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015, Malam Maman Barka a 2018. Waɗannan sun yi sa'a, domin gidajen rediyo da masu kaset sun ɗauke su. Ibrahim Narambaɗa ma, wanda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa, muna jin muryarsa a yau ne saboda wani ya kai masa na'urar ɗaukar magana. Makaɗin fadar hakimi, da mai kalangun mahauta, da mai dundufar maƙera, da mai gangar noma, da zabiyar ƙauye, yawancinsu babu wanda ya kai musu komai. Idan ɗayansu ya mutu, waƙarsa ta bi shi, tare da sunayen zuriyoyi, da labarin shekarun yunwa da na yalwa, da kalmomin Gobiranci da Katsinanci da babu su a ƙamus.

Ƙasa ta yi nata ƙoƙari. Akwai gasar Ɗan Gurmu da aka fara a Tawa a 1987, akwai kuma cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, wadda ke ajiye kayan kiɗan gargajiya. Sai dai dattijon da ke Tsibiri ba zai je Yamai ba, ƙafarsa ma da ƙyar take kai shi masallaci. Sai an je an same shi a zaurensa, kuma a Maraɗi babu abin da ke shiga kowane lungu da kowane ƙauye da araha kamar babur. Na'urar da a da sai gidan rediyo ke da ita, yau tana aljihun kowane ɗan kabu-kabu.

Dalili na biyu shi ne babur ɗin kansa. Gangamin baburan da muka sani a garin nan shi ne na rakiyar ango da amarya: mutum uku ko huɗu a kan Kasea ɗaya, babu hular kwano, ana ɗaga ƙafar gaba, ana jan takalmi a kwalta har wuta ta tashi. A layinmu na Sabon Gari mun binne wani yaro da bai kai shekara 20 ba saboda wannan wasa. Mahaifiyarsa har yau ba ta iya fitowa idan ta ji ƙarar jerin babura. Bayan haka kuma 'yan bindigar da ke addabar ƙauyukan Madarumfa da Gidan Rumji a kan babura suke zuwa, shi ya sa mutumin ƙauye idan ya hango babura goma a jere, gabansa ke faɗuwa. A Diffa da Tilaberi har ta kai hukuma ta hana hawa babur a wasu yankuna. Matasan da ke cin halaliyarsu da babur suna biyan bashin laifin da ba su yi ba.

Hana matasa taruwa da babura bai taɓa yin aiki ba. An yi wa'azi, an yi kame, an ci tara, gobe a sake biki a sake wasa. Saurayi yana son a gan shi, yana son jama'a, yana son abin da zai sa a wayarsa ya tura wa abokinsa da ke Agadas ko Legas. A ba shi wannan ta hanyar da zai dawo gida da ƙafafunsa, kuma ya dawo da abin da zai yi alfahari da shi.

Masu cewa a'a

Na san za a ce tsaro. Gaskiya ne, kuma ba zan raina wannan magana ba. Shi ya sa nake cewa a fara da Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa kawai, da rana tsaka, a kan hanyoyin da mutane ke bi kullum. A sanar da jandarmomi da 'yan sanda da sarakuna tun da wuri, a ba su sunayen mahaya da lambobin babura. Kada kowa ya ce zai zarce bakin iyaka. Ranar da hanya ta yi lafiya, Katsina tana nan kusa ta Ɗan Isa da Jibiya, daga can a wuce Daura inda aka binne Shata. Wannan sai gaba.

Za a kuma ce addini. Maraɗi gari ne na malamai, kuma manyanmu ba su manta tarzomar watan Nuwamban 2000 ba, wadda ta tashi kan bikin nunin tufafi na FIMA ta kuma shafi garin nan sosai. Wanda yake ganin kiɗa bai halatta ba yana da hujjarsa, babu mai tilasta masa. Abin da nake kira a yi ba dandalin rawa ba ne. Gaisuwa ce ga tsofaffi da rubuta abin da suka sani. Cikin waɗanda za a ziyarta har da masu waƙen wa'azi da na bege, da makafin da suka haddace dogayen waƙoƙin malamai. Sarautar Inna a Gobir da ta Iya a Maraɗi suna da alaƙa da bori a tarihi, kuma sanin haka bai sa mutum ya zama ɗan bori. Ɗaliban jami'a na ƙasashen waje sun zo sun rubuta littattafai a kan waɗannan abubuwa da Faransanci da Turanci. Abin kunya ne a ce jikokin masu abin sai sun karanta a can.

Wasu kuma za su ce ana fama da tsadar hatsi, wa ke ta kotso? Amsata ita ce, shi ma mai kotson yana fama da tsadar hatsin. Mu shida mun haɗa ɗan abin da muke da shi muka ba Baba tukuici, muka kuma yi alkawarin nemo mai ɗaure masa fata. Babura hamsin za su yi abin da ya fi haka, kuma mai shayi da mai tsire da mai sayar da kwaɗon zogale a Jiratawa duk za su yi ciniki a ranar.

Yadda za a yi

Ba sai an jira kuɗin gwamnati ko na wata ƙungiyar waje ba. Shugabannin tashoshin kabu-kabu da ƙungiyoyin ɗalibai su zauna su tsayar da rana ɗaya bayan girbi. Sharaɗi ya zama a fili: hular kwano ga direba da wanda aka goya, mutum biyu kacal a babur, takardu cikakku, babu tsere, babu ɗaga ƙafa. Wanda ya karya a cire shi nan take. A tsaya a yi sallah a kan lokaci.

A raba mahaya rukuni-rukuni, kada a cika wa tsoho gida da hayaniya. Kowane rukuni ya tafi da mai ɗaukar murya da mai rubutu. A rubuta sunan makaɗin, da garinsa, da irin kayan kiɗansa, da wanda ya koya masa, da wanda aka yi wa waƙar da dalilinta. A nemi izininsa kafin a ɗauka, a sake neman izini kafin a sa a Facebook ko TikTok, kuma idan wani abu ya shigo ta dalilin bidiyon, rabonsa ya isa hannunsa. 'Yan mata ɗalibai su ne za su iya shiga cikin gida wajen zabiyoyi da masu kiɗan ƙwarya, don haka dole a yi da su. A ƙarshe a ajiye kwafi a jami'a, da gidan raya al'adu na Bawa Ɗan Wardanga, da gidajen rediyon garin, domin waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa.

Ku kuma 'yan uwa da ke ci-rani a Aljeriya da Libiya da Abijan da Akara da Saudiyya, ku ne kuka fi kowa kunna Ɗanƙwairo da Shata idan kewar gida ta taso. Kuɗin katin waya na mako ɗaya zai sayi hular kwano, ko ya ɗaure fatar ganga. Ku tambayi iyayenku wane ne makaɗin gidanku, ku turo sunan ƙauyensa a sa shi cikin jerin waɗanda za a je wa.

Abokinmu da ya ce ba mu da abin gani ya koma Aljeriya jiya. Kafin ya shiga mota ya sa aka tura masa baiti ukun nan na Baba, ya kuma bar jika biyar a kai Tsibiri. Asabar mai zuwa ni da bakaniken za mu kai, tare da wani mai ɗaurin ganga da muka samo a bayan babbar kasuwa. Duk mai babur da hular kwano da ke son zuwa, mu haɗu a Sabon Gari bayan sallar asuba.