Littafi ya cika, hannu bai taɓa komai ba

Ɗan ƙanwata ya dawo gida Dutsin-Ma bayan ya yi wata shida a wurin sanin makamar aiki, abin da ɗalibai ke kira IT ko SIWES. Fannin noma yake karantawa. Ya miƙo mini littafin rahotonsa da hannu biyu, kowane shafi ga hatimi, ga sa hannun jami'i. Na ce ya faɗa mini abu guda da ya iya yanzu wanda da bai iya ba. Ya sunkuyar da kai ya daɗe, sannan ya ce, "Kawu, gaskiya sai dai kai takardu wurin hoto da sayo wa ma'aikata abinci." A wani ofishi a babban birni ya ƙarar da watannin nan, a kan benci, bakin ƙofa. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da yaron nake fushi ba.

An kafa asusun horar da ma'aikata na ITF a 1971, shi kuma ya ƙirƙiro SIWES a 1973, saboda masu masana'antu na kukan cewa ana turo musu masu takardar shaida waɗanda ba su taɓa riƙe injin ba. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, ga kukan bai tsufa ba.

Ni a ganina babban amfanin wannan zama ya wuce koyon kunna injin. Shi ne kawai lokacin da matashi ke ɗanɗana aiki kafin ya ɗaura wa kansa shi har tsufa. Na san wata yarinya 'yar Kurfi da ta shiga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita don kawai nan ta samu gurbi. Koyarwa ba ta cikin ranta ko kaɗan. Da aka tura ta gwajin koyarwa wata firamare, ta tarar da aji cike maƙil, wasu a kan tabarma, allo ya koɗe. Makon farko da kuka take komawa gida. A mako na huɗu wani yaro da ba ya buɗe baki ya haɗa baƙi da wasali ya karanta sunansa da ƙarfi, ya waiwayo yana dubanta. Ta ce mini daga ranar ta san inda za ta. Akwai kuma wanda ya je ɗakin gwaje-gwaje na asibiti ya gane cewa shi da ganin jini ba sa ga maciji, ya sauya hanya tun da sauran lokaci. Shi ma ya ci riba, riba babba.

To me ya sa 'ya'yanmu ke tsallake aikin da ke ƙofar gidansu? Tun 2011 Jami'ar Tarayya take a Dutsin-Ma. Ga madatsar ruwa ta Zobe nan kusa, wadda aka gina tun zamanin Shagari, ga aikin ruwan sha da Shugaba Buhari ya buɗe a 2021. Ɗalibin kimiyyar haɗa sinadarai zai ga yadda ake tace ruwa da idonsa. Mai karanta kiwon kifi zai shiga kwale-kwale da masunta. Mai karanta noma ga masu noman rani suna fama da tsutsar tumatir da tsadar man injin ban ruwa, kuma suna neman mai ba su shawara. A kara, ranar kasuwa, malaman dabbobi na buƙatar mataimaki. Cikin gari ga masu walda, ga masu haɗa sola, ga masu gyaran waya. Amma yaro na jin kunyar a ce a Dutsin-Ma ya yi IT, iyaye kuma na bin manya a nemo masa wasiƙar Abuja, ko da can ɗin zaman kashe wando zai yi.

Kakanninmu sun fi mu sanin kan wannan abu. Maƙeri ba ya sallamar yaronsa don ya cika kwanaki. Sai ya ga ya ƙera fartanya da hannunsa, ya gwada kaifinta. Wannan idon maigida shi ne ya ɓace mana. Ya kamata malamin da ke duba ɗalibi ya iske shi a bakin aiki ba tare da sanarwa ba, ya ce nuna mini, maimakon ya ƙirga hatimi. Ya kamata kuma jami'a da kwaleji su zauna da ƙungiyoyin manoma da masu sana'a na Dutsin-Ma da Kurfi, a rubuta sunan duk mai iya karɓar ɗalibi, a amince da shaidarsa kamar yadda ake amincewa da ta darakta.

Na san akwai cikas. Naira 2,500 da aka yanka wa ɗalibi a wata ba ta isa kuɗin motar 'yan kwanaki tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, kuma sau da yawa sai an gama an manta take zuwa. Dole a ƙara ta. Matsalar tsaro ma gaskiya ce. Ba zan ce wa uwa ta tura ɗiyarta ƙauyen da mutanensa ke kwana da ido ɗaya ba. Sai dai wuraren da ke cikin gari da kewayensa sun isa a fara da su.

Da aka yi hutu na kai yaron nan wurin wani abokina mai noman rani. Bayan mako uku ya shigo da magariba, ƙafa duk taɓo, bai ko zauna ba ya ce, "Kawu, ka san me ya sa ganyen tumatir ɗinsa ke naɗewa? Ina ga na gano, amma sai na koma gobe da sassafe na sake dubawa."