Shaidar Takarda ko Shaidar Aiki?

A shekarar 1986 gwamnatin Birtaniya ta kafa wata majalisa domin tsara takardun shaidar sana'a da aka sa wa suna NVQ, sa'an nan a 1988 aka kafa ƙungiyar MCI, wadda ta rubuta ma'aunin aikin manaja. Manufarsu kuwa mai sauƙin faɗi ce. Ba a tambayar mutum yawan shekarun da ya yi a aji, abin da ya iya shi ake nema. In ya iya tsara kasafin kuɗi, ya iya ɗaukar ma'aikata da raba musu aiki, ya kuma kawo hujjar cewa ya taɓa yi, sai a ba shi takarda, ko da a bakin aiki ya koya. Faransa ma ta yi doka a 2002, wadda ta halatta a ba mutum cikakken digiri saboda ƙwarewar da ya tara.

A ganina wannan adalci ne. Amma inda gizo ke saƙa shi ne wajen kawo hujjar. A Ingila sai da manaja ya tara wasiƙu da rahotanni da bayanan taro a cikin fayil, ya nuna wace takarda ce ta cika wane sharaɗi. Watau gwanin takarda da aka kora ta ƙofa ya sake shigowa ta taga, ya kuwa zauna daram.

Abin da ya sa maganar ta shafe mu shi ne, Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1977, tana gudanar da irin wannan tsari a Nijeriya. To, mai karatu, dubi attajirin Kantin Kwari da ke riƙe da yaran shago, yana ba da kaya bashi, yana odar atamfa daga ƙasar Sin, ko kuwa maigidan maƙera a Panteka ta Kaduna. Wa zai ce ba manajoji ba ne? Hujjarsu tana cikin littafin bashi, wani ma da ajami, tana kuma bakin yaran da suka yaye. In aka ce sai sun cika fom da Turanci, lalle Turancinsu aka auna, ba iya riƙon jama'a da dukiya ba.

Saboda haka mai aunawa ya kamata ya taka har kasuwa, ya zauna, ya ga ciniki da idonsa, ya yi tambaya da Hausa, ya karɓi ajami a matsayin rubutu. Fassara ma'aunin nan da koya wa masu aunawa kalmomin kasuwa kuwa aiki ne da ya rataya a wuyan sashe irin namu, malamai da ɗalibai baki ɗaya.